Izgar Wule

Salamu alaikum, mutanen wannan zaure. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto tana tambaya wai da gaske ne a jelar saniya na samo miji. Da gaske ne, 'yar uwa. Wasu a gidan biki suke samu, wasu a layin banki, ni kuwa rabona a bayan saniya ya tsuguna yana jirana. Amma ki riƙe guɗarki tukuna, ki fara jin abin da ya same ni yau.

Saboda waɗanda yanzu suka shigo, sunana Dijatu, gidanmu yana Gwallaga bayan layin masu walda. Ina karatun digiri na biyu a kan asalin shanu. E, daidai kuka karanta. Aikina shi ne in bi ruga-ruga da kasuwannin kara ina tsige izga, wato gashin jelar saniya, da saiwarsa, in sa a ambulan in rubuta sunan mai garken. A ɗan farin abin da ke maƙale a saiwar ake samun ƙwayar halitta, ita ke tona inda kakannin saniya suka fito da waɗanda suka haɗa jini da su. Mama ta ce 'ya'yan mutane sun karanta likita da lauya, ita tata ta zaɓi binciken dangin saniya, sai ka ce wani ne ya aiko neman aurensu.

A wajen wannan aikin na haɗu da Ja'afaru, mai shagon kayan sola a Wunti. Garken gidansu yana can hanyar Ningi, shi ya raka ni ranar da na je. Wata farar saniya mai baƙin kunne da ake kira Wule ta bari sai da na kama jelarta cikin ladabi na tsige abin da nake so, sannan ta kai min harbin da ya zaunar da ni daɓas a cikin ɗanyen kashi, da hijabina da komai. Shi ya miƙo min buta yana cije leɓe kada dariya ta ƙwace masa. Daga ranar ya laƙaba min Dokta, zuciyata kuma da ba ta da aikin yi ta bi shi. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Yana da sanyin magana, kuma shi kaɗai ne namijin da na taɓa yi wa bayanin aikina bai yi hamma ba.

Asabar ɗin nan aka tsara baffanninsa za su zo a sa rana. Abin da ya rage kawai amincewar mahaifiyarsa, Dada, wadda ta kwashe watanni tana binciken asalina. Gidansu Fulanin Ƙofar Wambai ne, irin waɗanda Fulatancin ya tsere musu tun zamanin kakanni ya bar musu "jam" da "useko" da dogon hanci. Ita Dada dai a ruga aka haife ta, aure ne ya kawo ta birni, don haka ita ce ma'ajiyar asalin gidan gaba ɗaya.

Ni kuma ina da Kaka Liatu.

Ita ta haifi Mama. Basayiya ce 'yar Bogoro, Kirista ce, tana zaune a Yelwa a wani ɗan gida mai bishiyar gwanda. Mama ta musulunta tun kafin ta auri Baba. Lokacin da Baba ya kwanta jinyar da bai tashi ba, Kaka ce ta goya ni, ita ke tashina sallar asuba da dundu in na yi nauyin barci, ita ke raka ni Islamiyya ta tsaya a bakin ƙofa har sai ta ga na shiga. Ja'afaru ya san ta sarai. Shi ke tuƙa ni gidanta, tana ce masa "mijina", yana ce mata "amarya", ya naɗe hannun riga ya shanye mata gwate har ya nemi ƙari.

Jiya da hantsi saƙonsa ya shigo wayata.

"Dokta, gobe bayan la'asar Dada na son ganinki."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Sai dai maganar amarya, don Allah a ɗan jinkirta ta. In an sa rana ni da kaina zan faɗa mata."

"A jinkirta kakata? Tashin jirgi ce?"

Sai ya turo min fuskar dariya da jar zuciya. 'Yan mata, ku riƙe wannan, in namiji ya rasa amsa zuciya yake turowa.

Na ɗauka Mama za ta ji haushi in na nuna mata. Ina! Kujerar keken ɗinkinta ta juya ta ce yaron nan yana da hankali. Tun da safe yau ta mai da ni aikinta. Ta fito da atamfata ruwan zuma mai ganye-ganye, ta goge da kanta, ta ce doguwar riga ta yi kama da ta 'yan boko. Ta ɗaura min ɗankwali ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta turara mayafina har sai da na fara tari, ta duba lallen hannuna, ta sa na cire agogo wai yana sa ni kama da mai sauri.

"Ki zauna a ƙasa ko an ba ki kujera. Kada ki yi dariyar nan taki ta wage baki. Kuma Dijatu, don girman Allah, kada ki yi maganar shanu."

"To, Mama."

"In an tambaye ki dangin uwa, ki ce mutanen wajen Dass ne."

"Mama, Bogoro."

"Ba hanya ɗaya ba ce?"

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ta dunƙule gefen mayafin a hannu, ta kasa kallona. Shekara da shekaru Mama na salla da azumi a unguwar nan, ta sauke Alƙur'ani da girmanta, amma har yau in an yi faɗa a famfo akwai mai ce mata tubabbiya. Ba kunyar uwarta take ji ba, tsoro take kada a yi min abin da aka yi mata. Tausayinta ya kama ni, na haɗiye maganata na fita na tari keke.

Gidan su Ja'afaru irin tsohon gidan nan ne mai zaure cikin zaure, sai ka gaji da sallama kafin ka ga tsakar gida. Falon Dada kuwa kabet ne bango guda, cike da samiru da ƙoren da aka yi wa zane, ba mai taɓa su sai mai goge ƙura. A sama ga hoton marigayi Alhaji Mijinyawa, mahaifin Ja'afaru, ya saɓa sanda a kafaɗa kusa da wani bijimi, ban san wanda ya fi wani ɗaga kai ba a cikinsu. Dada na zaune a kan darduma, siririya, fara, da farin mayafi da carbi. Kusa da ita wata mai jiki ta cika kujera, ita ce Goggo A'i, ƙanwar marigayin, wadda na ji labarin ta zaga Gwallaga gida-gida a kaina kamar mai allurar rigakafi. Ja'afaru yana can bakin ƙofa a rakuɓe, ya sha shadda ruwan toka, ya ƙura wa kafet ido.

Na durƙusa na gaishe su. Aka kawo fura da nono. Ban kai ludayi baki ba Goggo A'i ta gyara zama.

"Yarinya, mu ba ma kwana-kwana. Makiyayinmu ya ce kin je garke kin tsige izgar Wule, kin ƙulle a takarda, kin rubuta sunan yaron nan a kai. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne, Goggo."

"Kin ji ko, Dada! Ko musu ba ta yi ba. To tun daga ranar yaron nan ba ya cin abincin gidan nan, ba ya jin kira, in yana danna waya sai ka ga yana murmushi shi kaɗai. Wane malamin aka kai wa?"

Ikon Allah! Ni da na zo da shirin ɓoye kaka, ashe tuhumar asiri ke jirana. Na so in ce Goggo, abin da ya hana shi cin abincin gidanku miyar taushen Mama ce, amma na tuna an ce kada in wage baki. Na sunkuyar da kai na yi bayani dalla-dalla. Na ce ba Wule kaɗai ba ce, na tsige na shanu a Toro da Alkaleri da Darazo, kowanne da sunan mai shi. Na ce ana tura su wani ɗakin gwaji ne a ƙasar waje, inji ya karanta abin da ke cikin saiwar gashin, a gane asalin shanunmu da yadda jininsu ya bambanta, don a san irin da za a kiyaye kada ya ɓace.

Goggo ta taɓe baki. "Boka ma ai ɗaki gare shi."

Sai a lokacin Dada ta ɗaga kai. Muryarta ƙasa-ƙasa take, dole ka kasa kunne.

"Kika ce yana faɗin asalin saniya?"

"E, Dada."

"Na Wule ya fito?"

Ya fito tun makon jiya, yana cikin kwamfutata. Muryar Mama ta faɗo min a kunne, kada ki yi maganar shanu. To ya zan yi, surukar ce da kanta ta jawo saniyar har tsakiyar falo.

"Ya fito."

Fuskarta ta saki a karo na farko. Ta ajiye carbin ta ce ranar sunanta mahaifinta ya ba ta wata karsana mai suna Wule. Ita karsanar ta haifi wata Wule, wadda ta haifi Wule, har aka zo kan wannan mai harbin. Ta ce ko a shekarar da ciwon bushiya ya share garkuna, mahaifinta bai yarda an cusa musu baƙon jini ba. Bunaji ce tsantsa, fara tas, barewa kuma ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

"To faɗa mana abin da injin ya gani."

Na ce a raina bari in fara da mai daɗin. Na ce ta wajen uba, jinin Wule daga gabas ya fito. Shanu masu tozo can wajen Indiya da Pakistan aka fara kiwonsu, daga baya aka riƙa tsallako da bijimai ta teku da ta ƙasashen Larabawa, suka shigo Afirka ta gabas, a hankali har suka iso nan.

"Allahu akbar!" in ji Goggo A'i, har da dafa ƙirji. "Ta Makka suka biyo! Ni fa na sha faɗa, shanun gidan nan ba na banza ba ne."

Ban ce Makka ba, amma wa zai hana Goggo aikin hajjin da ta kai shanu? Ɗazu ni 'yar boka ce, yanzu har turo min kwanon fura take wai in ƙara. Na saci kallon Ja'afaru, na ga ya sauke ajiyar zuciya. Na ce shi ke nan, na tsallake.

Dada ta girgiza kai.

"Bar maganar sa, yarinya. Sa baƙo ne, yau yana garke gobe an kai shi kara. Mu ta wajen uwa muke bin asalin saniya, shi ya sa 'ya take cin sunan uwarta. Uwar nake tambaya."

Jama'a, da a ɗakin taro ne da na tafa mata, don abin da malamanmu ke koyarwa ke nan: akwai wani sashe na ƙwayar halitta da uwa kaɗai ke ba 'ya'yanta, ba ya gauraya da na uba, shi ake bi a gano tsatson uwa tun fil azal. Sai dai ba a ɗakin taro nake ba, a gaban surukar da ke riƙe da Asabar ɗina nake. Ja'afaru ya ɗago yana yi min wani ƙifta ido kamar ƙwaro ya faɗa masa. Ya san amsar, ni na faɗa masa a shagonsa, ya yi dariya har da buga kanta.

Zan iya cewa wannan ɓangaren bai fito ba. Wallahi na yi niyya. Amma na yi shekara biyu ina shan harbi da rana a kan wannan amsar, bakina ya ƙi.

"Ta wajen uwa, Dada, tsatsonta na shanu marasa tozo ne, waɗanda suka riga masu tozo zama a Afirka. Uwa ɗaya suka haɗa da muturu."

Goggo A'i ta saki baki. Ga wanda bai sani ba, muturu wata 'yar guntuwar saniya ce mara tozo, gajeren ƙaho, da kaɗan ta fi babban bunsuru, irin wadda mutanen kan duwatsu da na kudu ke kiwo. A gaban Bafulatana, ka haɗa saniyarta da muturu, gara ka taka mata ƙwaryar nono.

"Muturu," in ji Goggo A'i a hankali. "Shanun ƙabilu?"

"Ba Wule kaɗai ba ce, Goggo. Kusan duk shanun Afirka da aka gwada haka suke, har masu tozon. Bijiman ne suka zo daga gabas, matan a nan suka tarar da su. Kuma gaurayen ne ya taimake su, wancan jinin ya ba su jure zafi da doguwar tafiya, wannan ya ba su ɗan jure cututtukan nan ƙasar, irin su sammore."

"A mayar wa injin da kayansa, ƙarya yake," in ji Goggo.

Injin da ya kai su Makka ɗazu, yanzu ya zama maƙaryaci. Dada ta ɗauki carbinta tana ja, idonta a kan hoton marigayi. Na ji ba daɗi, don ba gardama na gani a fuskarta ba, ciwo na gani, kamar na taɓa mata mahaifin da ya ba ta karsanar. Na yi da-na-sanin yadda maganar ta fito, ko da yake ban san wata hanyar da za ta fito ba.

Can Goggo A'i ta zabura. Na ga idonta ya yi wani haske, irin na wanda dabara ta faɗo masa.

"Tsaya. Shi wannan injin, in yana duba na dabba, ai zai duba na mutum ko?"

"Ana yi, amma ba irin aikina ba ne."

"Ana yi dai. To alhamdu lillahi, an hutar da ƙafata. Na zaga Gwallaga har takalmina ya cinye, dangin ubanki kowa ya san su, ba abin cewa. Amma da na tambayi na uwarki sai a ce min wajen hanyar Dass, kowa ya kama kallon sama. Zame ɗankwalinki, yarinya. Sili biyu kawai, da saiwarsa, kamar yadda kika ce."

Na ɗauka wasa take, sai na ga ta miƙo hannu da gaske, zobban azurfa na ƙyalli. Matar da ta tuhume ni da asiri a kan gashin saniya, ita ce ke neman gashin kaina a naɗe mata a takarda. Na dubi Dada ko za ta tsawatar. Ta dube ni ido cikin ido ta ce:

"Ta wajen uwa nake so."

Na juya wajen Ja'afaru. Na ba shi dama, wallahi na ba shi. Na jira ya ce haba Goggo, ko ya yi tari, ko ya ce Dada akwai maganar da nake son faɗa miki. Yana nan yana nazarin kafet kamar shi za a yi masa jarrabawa a kai.

Na tuna Mama da tsoronta. Na tuna "wajen Dass", kalma biyu kacal, in faɗa a wuce wurin. Sai kuma na ga Kaka tsaye a ƙofar Islamiyya cikin rana da zanenta na zumuntar matan coci, tana jiran ta ga na shiga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gyara ɗankwalina na ƙara ɗaure shi tamau.

"Ba sai an wahalar da inji ba, Dada, wannan na san shi da ka. Mahaifiyata Maimuna. Ita kuma mahaifiyarta Liatu, Basayiya ce daga Bogoro. Kirista ce, tana nan da ranta a Yelwa, ita ta rene ni. Uwarta kuma ana ce mata Saraya, a Bogoro aka binne ta. In ana son na gaba da nan sai in tambayo."

Goggo A'i ta saki salati mai tsawo, ta janye hannunta ta goge a zane, sai ka ce ta riga ta taɓa gashin. Dada ko gezau. A hankali ta juya wajen ɗanta. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

"Kai. Ka san da wannan?"

Ya shafa ƙeya. Ya gyara hular da ba ta karkace ba. Ya dube ni, ya kau da kai.

"Ni dai... yanzu nake ji, Dada."

Yanzu yake ji.

Na sha harbin shanu iri-iri a aikin nan, akwai wanda sai da na yi sati ina ɗingishi, amma ban taɓa jin wanda ya ɗauke min numfashi irin wannan ba. Ba fushi na fara ji ba, kunya ce ta rufe ni, kunyar Kaka, kamar tana tsaye a bayana ta ji da kunnenta. Da na so, da jimla ɗaya zan kwance masa zane a gaban uwarsa. Wayata na cike da hotunansa a tabarmar Kaka, cokali a baki. Ban yi ba. Har yanzu ban sani ba ko tarbiyya ce ta hana ni ko sauran son da bai ji abin da aka ce ba.

Dada ta daɗe tana kallonsa, kallon da ban iya fassara shi ba. Sannan ta dawo kaina.

"Mu ba ma yanke magana a kan karsana sai mun ga uwar garke. Gobe ki kawo min kakar taki in gan ta. Maganar Asabar sai bayan nan."

"Dada!" in ji Goggo A'i. "A cikin gidan nan?"

"Na ce ta kawo ta."

Ko girmamawa ce, ko so take a duba haƙoran kakata kamar a kara, Allah kaɗai ya sani. Na yi godiya, na yi sallama, na bi zaurukan nan ɗaya bayan ɗaya. Ina jin takunsa a bayana yana "Dokta, Dokta, tsaya mana." Na tari keke ko ciniki ban yi ba.

Kafin mu kai Wunti saƙonni sun cika wayar.

"Ki fahimce ni, rikicewa na yi."

"Kin san Dada da hawan jini."

"Ke ma ai da kin bi shawarata da ba a kai nan ba."

"Zan gyara komai, ki ba ni lokaci."

Sai jar zuciya, har guda uku wannan karon. Abin ya yi tsanani ke nan.

Na tarar da Mama a kan keken ɗinki, amma ba ɗinkin take ba, ƙofa take kallo. Ta dubi fuskata sau ɗaya ta ce, "Kin faɗa."

"Na faɗa."

"Shi ya ce me?"

Da na maimaita mata, na zaci za ta ce ai ga irinta nan, na jawo wa kaina. Sai ta cire tabarau ta ajiye, ta rufe fuska da gefen mayafi. Can ta ce, "Ni na ce ki ce Dass. Amma ni ban taɓa cewa ban san ta ba."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da atamfar a jikina, na kira Kaka. Tana ɗauka na ji kajinta da rediyo. Kaka har yau "ka" take ce min, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji.

"Dijatu! Ka je gidan surukai? Sun ba ka nono ka sha?"

"Sun ba ni, Kaka. Mamansa ta ce tana son ganinki gobe."

"Ni? Yawwa! Ka ga mutanen kirki. Bari in ciro leshi na na Kirsimeti in shanya. Mijina zai zo ɗaukana ko?"

Wayar ta yi ƙara a kunnena, wani kiran na shigowa. Na duba, shi ne. Na bar shi yana yi.

"A'a, Kaka. Ni zan zo, a keke za mu je."

"Keke kuma? Motan ya lalace?"

"Lafiyarta ƙalau. Shi ne dai bai san gidanki ba."

Ta ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Wanda ya san inda nake ɓoye zuma a bayan buhun acca? Ka faɗa masa ya daina wasa, na tace masa kwalba guda tun shekaranjiya."

Na dafe goshi, wayar na kunnena. Ta ce, "Dijatu?" Na ja hanci. Na ji ta miƙa hannu ta kashe rediyon. Kajin ma kamar sun san abin da ake ciki.

Can ta ce, a hankali, ba dariya a muryar:

"Af. A gabanka ya faɗa?"